Kwaɗon Tafasa a Ranar Sallah

Ni ne mai laifi a wannan labari, gara in faɗa tun farko kada wani ya wahalar da kansa wajen nema mini uzuri. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya fara furfura, amma abin da bakina ya jawo a wata ranar Babbar Sallah bai bar ni ba, kuma na san ba zai bar ni ba har a rufe ni da ƙasa.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Makoɗa, gonaki sun kewaye gidaje ta ko'ina, idan damina ta yi nisa sai ka ratsa dawa kafin ka isa ƙofar maƙwabcinka. A unguwarmu magidanta biyar ne suke ciyayya tun ina yaro. Bayan sallar Magariba kowa zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, a haɗa a ci tare. Mahaifina yana ciki, da Malam mai jan mu sallah, da wani dattijo da muke kira Baba, aminin mahaifina tun suna samari. Baba ba shi da ɗa namiji a raye. Daga shi sai matarsa Inna, sai jikoki uku marayu da suke riƙo.

Ni kuwa tun ina saurayi na tafi Bacirawa cikin birni, na samu rumfar sayar da hatsi, Allah ya rufa asiri. Da mahaifina ya rasu, iyalina suka zauna a gidan gado, nake zuwa ƙarshen mako, na gaji wurinsa a kan tabarmar. Wurin zama na gada, ban gaji hankalinsa ba.

Abin da na lura da shi tun farko shi ne akushin Baba kullum shi ne ƙarami. Wata rana tuwon dawa malmala biyu da miyar kuka tsululu, wata rana fate kawai. Idan an gama ci, Malam yakan jawo akushin ya juye sauran tuwon kowa a ciki, ya ce, "Ga na awakin Inna." Baba ya yi dariya ya ce, "Awakin nan sun fi mai gidan ƙiba." Kowa ya dara, a tashi. Na kuma lura dattawan nan ba sa cin kirki, loma kaɗan sai su tsame hannu. Na ɗauka tsufa ne. A raina kuma ina ƙunƙuni: matata tana zuba mai da nama, ana kwashewa ana kai wa dabbobi.

Sallar shekarar ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, gero bai kai ga yanka ba. Ni kuma na sayi rago babba, na gayyato abokan kasuwata biyu daga Bacirawa, ina so su ga cewa a garinmu ni ma wani ne. Wannan ita ce cutar da ke cikina, son a gani.

Aka sauko daga Idi, aka yi yanka, aka rataye raguna. Ranar Sallah da hantsi ake ciyayya, don haka kafin Azahar tabarma ta cika. Daga gidana aka fito da tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina, da soyayyen kayan ciki yana tururi. Gidan Malam funkaso. Baƙina suna ta santi, ɗaya yana cewa shi kam ƙauye zai dawo ya yi aure. Ana cikin haka Baba ya iso da farar rigarsa guda ɗaya da ta sha wanki har ta yi shara-shara. Ya yi sallama, ya gaisa da baƙi hannu biyu, ya ce, "Barkanku da Sallah, 'yan birni. Kun zo cin namu ko kun kawo mana naku?" Ya ajiye akushinsa daidai gaban ɗaya daga cikin baƙina.

Ni na buɗe shi. Kwaɗon tafasa ne, ganyen da ke fitowa a bakin kowace gona, an dafa an murmusa masa ɗan ƙuli-ƙuli, ko mai babu. Baƙon ya leƙa, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. Murmushin nan ne ya hau kaina.

Na ce, "Haba Baba! Yau ma? Ranar Sallah guda, ga baƙi, sai ka kawo mana ciyawa? Kullum ka zo da ganye ka koma da tuwo. Ai wannan ciniki ko a kasuwa ba a samun irinsa."

Na yi dariya ina jiran a taya ni. Baƙona ɗaya ya fara, da ya ga babu mai yi sai ya haɗiye. Malam yana riƙe da loma a hannu, bai kai baki ba, bai mayar ba. Ana jin kukan ƙudaje a kan fatun da aka shanya.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya rufe akushinsa a hankali. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Ɗan kasuwa ba ya kuskuren awo." Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ce wa baƙi, "Ku ci lafiya. Allah ya maimaita mana." Malam ya ce, "Zauna mana, don Allah zauna." Baba ya ce ya tuna bai ba awaki ruwa ba. Muna kallo ya bi ta lungu da akushin a hammata.

Da aka watse Malam ya ja ni gefe, idonsa ja. Ya ce, "Ka je gidansa kafin rana ta faɗi. Ka durƙusa." Na ce, "Malam, wasa fa nake yi. Shi ba ya tsokanar mutane?" Ya ce, "Ubanka shekara talatin yana zama a wurin nan, bai taɓa buɗe akushin nan da hannunsa ba. Ka tambayi kanka dalili." Ban tambayi kaina komai ba. Na raka baƙina bakin titi, washegari aka raba nama, na sa aka kai wa gidan Baba cinya guda, na ce a raina ai na biya. Matata ma ta yi mini magana, ta ce Inna ta karɓi naman ba ta ɗago kai ba. Na ce mata ta bar shiga zancen maza. Bayan kwana uku na koma Bacirawa.

Duk ƙarshen makon da na zo, gurbin Baba babu kowa. Idan na tambaya sai a ce ƙafa ke damunsa. A masallaci yakan zo daidai tayar da iƙama, ya fita da sallame sallah. Sau biyu muna haɗa ido, sau biyu ina kawar da kai. Na lura kuma yanzu tuwo yana ragowa a kwanuka, kowa ya ɗauki nasa ya koma da shi gida. Hirar ma ta mutu. Duk da haka girman kai ya hana ni taka ƙofar da ba ta fi taku arba'in daga tawa ba.

Wajen mako biyar bayan Sallah, ina rumfa ina auna wa wata mata masara, Malam ya kira ni a waya. Ya ce Baba ya faɗi a gonar wani, wurin ƙwadago. Tsohon da ya haura saba'in, yana noman kuɗi a gonar da ba tasa ba. An kai shi asibiti a Bici, an ce ɓarin jikinsa ya shanye, aka kuma ce jikin babu abinci.

Ko da na iso an dawo da shi gida. Na tarar da Malam zaune a dakalin ƙofar. Ban kai ga gaisuwa ba ya ce, "Shiga ka leƙa turken gidan nan ka dawo." Na shiga. Turaku uku a kafe, igiya ta ruɓe a jikin ɗaya, ciyawa ta tsiro a wurin. Na fito. Ya ce, "Awaki nawa ka gani?" Na ce ban ga ko ɗaya ba. Ya ce, "Tun shekarar da ɗansa ya kwanta jinya aka sayar da su. Tuwon da nake juyewa, shi Inna da yaran nan suke ci da dare, su ɗumama saura da safe. Ubanka ne ya ƙirƙiro zancen awaki, domin mutumin nan gara ya mutu da ya karɓi sadaka. Ya sani, mun sani, ya san mun sani. Amma muddin ba a furta ba, ciyayya ce. Kai ka furta."

Na tambaye shi me ya hana a riƙa aika musu gida. Ya ce, "An aika. Kwano ya je, kwano ya dawo a rufe. Sai ya ce a gaya mana sun ci sun ƙoshi. Inna takan karɓa wa yara a ɓoye ta bayan danga. Shi kuwa idan ya gane daga inda ya fito, ba ya taɓawa."

Na san cuta da ajali na Allah ne, an sha gaya mini haka don a sanyaya mini rai. Amma na san abin da bakina ya yi. Abin da na koya, a makare, shi ne idan ka tarar da manya suna wani abu da ka ga kamar wauta ne, ka kama bakinka, wataƙila asirin wani suke rufewa. Kuma haƙurin da za ka bayar yau, kada ka kai shi gobe.

Baba bai sake magana ba har ya rasu bayan kwana tara, don haka ban san ko ya yafe mini ba. Amma a ranar da Malam ya sa na leƙa turken, na shiga ɗakinsa. Yana kwance a kan tabarma, bakinsa ya karkace, wuyansa ya zama kamar kara. Inna tana gefe tana kora masa ƙuda da mafici. Ta dube ni ta ce, "Matso, yana ji." Na cire hulata, na durƙusa, na kama hannun da ke motsi. Ido ɗaya ya juyo ya tsaya a kaina.

Na ce, "Baba, ni ne. Abin da na faɗa ranar Sallah ba wasa ba ne, rashin kunya ce da girman kai. Na tozarta ka a gaban baƙi, na raba ka da abincinka, na kuma ƙi zuwa alhali an ce in zo. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da mahaifina, ka yafe mini."