Amsar da Inna ta ba Mushe

A gidanmu ba a faɗin abin da ake nema sai ya shigo hannu. Inna ce ta kafa dokar, don ta yarda da kambun baka fiye da yadda ta yarda da likita. Ko akuyarta ce ta ɗauki ciki, sai ta ce wa maƙwabta kumburi ne. Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ban gama murna ba ta ja ni ɗaki ta ce, "Makarantar nan ta koyon aikin malamin gona da kake so, kada in ji ta a bakin kowa. Ko abokinka."

Ban yi gardama ba, don ni ma a lokacin babu wanda na yarda da shi. Ƴan ajinmu kullum sai wani ya turo sanarwar konkur a waya, wato jarrabawar shiga, washegari a ce ta bara ce. Na ɗauka da gangan suke yi don a rage masu nema. Na haɗa dosiyena, wato takardun neman shiga, na tura ƙasan akwatin Inna. Na je Damagaram na tambaya, aka ce ba a buɗe ba tukuna, in riƙa leƙowa. Ga damina ta kankama, gonarmu can hanyar Ɗan Barto, babu mai nome ta sai ni.

Sai maƙwabcinmu ya sa ni gaba. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa yadda ake kiran malamai da Faransanci, yana da ɗa mai aiki a Damagaram. Da na dawo daga gona sai ya tare ni: "Ɗana, yanzu ina aka nufa?" In ce, "Ana dai addu'a, Mushe." Inna ta ce mutumin da ƴarsa ta faɗi bak ba don Allah yake wannan tambayar ba. Na ga gaskiyarta. Har murmushinsa ya daina kwanta min, na koma shiga gida ta lungun baya.

Wata Juma'a ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce da Inna yake son magana. Ina tsakar gida ina jin su.

"Wai yaron nan karatu zai ci gaba? Da dalili nake tambaya."

"Wane karatu, Mushe? Ina muka ga hali? Ana gama girbi zai bi kawunsa Kano ci-rani."

Ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, ya tafi. Inna ta shigo tana cewa, "Ka ji wai da dalili! Ai mun san dalilin." Muka yi ta dariya, ta tofa min addu'a a ka.

Da na gama maimai na koma Damagaram da dosiyena, na tarar an buɗe har an rufe. Na tsaya gaban allon sanarwar makarantar kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. A tashar Matameye na ci karo da Mushe, ya ga takardu a hannuna, ni kuma baƙin ciki ya sa na faɗa masa komai. Ya riƙe baki. Ashe ranar da aka liƙa sanarwar ɗansa ya bugo masa, shi ne ya zo gidanmu a Juma'ar nan. Da ya ji Kano zan tafi, sai ya kai wa wani tsohon ɗalibinsa a Tsauni labarin.

Na isa gida raina a ɓace, na zayyana wa Inna. Ta kalle ni ta ce, "Ka gani ko? Tun da ya sa maka baki abin ya lalace."

Bayan girbi babu abin zama. Kawu ya zo, na ɗaure kayana na bi shi Kano tallar rake. Inna ta raka ni har bakin zaure tana share hawaye, tana raɗa min kada in faɗa wa kowa inda za ni. Mushe yana zaune a ƙofar gidansa. Ya ɗaga min hannu, bai tambaye ni komai ba.