Masinjan da Aka Ɗaure Sau Ashirin da Bakwai

A tsangayar koyon aikin lauya akwai wani ɗaki a hawa na biyu, can ƙarshen baranda, da ake kira kotun gwaji. Duk abin da ke cikin kotu akwai shi a nan: kujerar alƙali a kan dandamali, teburan lauyoyi biyu, akwatin katako da wanda ake zargi ke tsayawa a ciki, har da wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar ita ma tana da ƙorafi. Mai laifi ne kawai babu. Wannan gurbin masinjan tsangayar ne ke cike shi duk shekara, shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa Baba Tuhuma, har sunansa na yanka ya ɓace.

Dogo ne siriri, ba ya rabo da fayil a hammata. Shi ke buɗe ajujuwa da sassafe, ya kai takardu ofis-ofis, ya haɗa wa malamai shayi, ya kakkaɓe baƙaƙen rigunan da ɗalibai ke ara ranar shari'a. Ya ga yara sun shigo ba su iya ɗaura lakataye ba, ya ga sun fita suna jefa wa mai sayar da biro kalmomin da ko su kansu ba su gama fahimta ba. Ya san waɗanda ke haddace hukunce-hukunce a bakin matakala suna kaɗa kai, da waɗanda ke yin gardama a kan kujerar zama kamar rabon gado. In suka hango shi sai tsokana ta tashi.

"Baba, bana shekara nawa kake so a yanka maka?"

"Ku dai rage mini, gwiwa ta fara ciwo," in ji shi, yana wucewa.

Shari'ar da ake yi masa guda ɗaya ce, ba ta canzawa. 'Yan aji huɗu suna kiran ta shari'ar sito. Wani mai gadi ne aka wayi gari bandir arba'in na yadi sun ɓace daga siton da yake tsaro, kwaɗon ƙofa kuma lafiyarsa lau. A cikin fayil ɗin akwai takardar amsa laifi, a ƙasanta dangwalen yatsa raɗau, an rubuta a gefe: babban yatsan hannun dama. Duk wanda ƙuri'a ta ba shi kare mai gadin, abokansa ta'aziyya suke yi masa, domin shekara ashirin da shida ke nan ba a taɓa cin wannan shari'a ba.

Abin da ɗalibai ba su sani ba, har da malamansu na yanzu, shi ne ba ƙirƙirarta aka yi ba. Baba Tuhuma ne mai gadin. Yana da shekara ashirin da huɗu aka kama shi, matarsa tana da cikin fari. Lauyan da aka ba shi ya iso ana saura minti biyar a shiga, ya karanta takardu a tsaye, bai ɗaga kai ya dube shi ba. Shi kuwa a lokacin ko baƙi bai sani ba, balle ya gane abin da aka ce ya dangwala wa hannu. Ya yi shekara huɗu a gidan yari. Ranar da ya fito, 'yarsa ta ɓuya a bayan zanen uwarta, tana tambayar wane ne wannan.

Ga kuma abin da ke sa tsigar jiki tashi. Yana ɗan shekara shida ya damƙi dutsen gugar gawayi na mahaifinsa. Babban yatsansa na dama ya warke, amma fatar ta shafe sumul kamar bayan cokali, babu zane ko ɗaya. Hujjarsa tana manne a jikinsa duk tsawon shari'ar, a kan katakon akwatin, gaban idon kowa.

Wanda ya fara gani shi ne wani babban malamin tsangayar da kowa ke kira Farfesa, Allah ya jiƙansa. A lokacin Baba yana cikin leburorin da aka ɗauko su kwashe littattafai zuwa sabon laburare. Farfesa mutum ne mai son jin labarin mutane, ya zaunar da shi a kan kwali ya saurare shi har ƙarshe. Bayan wata biyu ya samo kwafin fayil ɗin, ya karanta, ya ce, "Miƙo hannunka." Ya daɗe riƙe da yatsan nan, sai ya cire tabarau ya share ido. Ya so ya tayar da maganar, amma alƙalin ya rasu, ainihin takardun sun salwanta, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce tun tuni. Sai ya samar masa aikin masinja, ya goge sunaye daga fayil ɗin, ya mai da shi shari'ar gwaji, suka yi alkawari tsakaninsu su biyu.

"Duk abin da suka tambaye ka, ka gaya musu gaskiya," in ji Farfesa. "Abin da ba su tambaya ba, kada ka taimake su. Ina so in ga ranar da za mu yaye lauyan da zai kalli mutum kafin ya kalli takarda."

Farfesa bai ga ranar ba. Ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar Baba da alkawari.

Kada a ce yaran ba su da ƙwaƙwalwa. Wallahi suna da ita. Baba ya tsaya a akwatin nan ya ji abubuwan mamaki. Wani ya kawo hukunci goma sha ɗaya da ka, bai duba takarda ba. Wata ta yi wa mai shaida tambayoyi har ya manta wasa ake yi, ya fara gumi. Sun ce an doki mai gadin, sun ce akwai makulli na biyu, sun ce ba a karanta masa takardar ba. Duk shekara yana ɗora hannuwansa biyu a kan katakon, kamar yadda ya ɗora su a wancan karon, suna zuba jawabi suna kallon alƙali. Duk shekara a ce an same shi da laifi, a tafa wa lauyoyi, a ɗauki hoto, shi kuma ya sauko ya tattara kofuna.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe. Takardar ritaya ta riga ta zo, shi da kansa ya ɗauko ta daga ofishin magatakarda. Abin da yake so bai fi kalma huɗu ba: ya ji wani da ke zaune a kujerar alƙali, ko da ta wasa ce, ya ce masa ba shi da laifi. Matarsa ta san haka, ta kuma gaji.

"Malam, ka nuna musu yatsan nan mana," ta ce, tana goge masa rigar da zai sa. "Wanda kuka yi alkawarin da shi yana kabari. Wa zai ce ka karya?"

"In na nuna, ni na fid da kaina," ya ce. "To wanda za a kawo musu gobe fa, wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba? Shi wa zai nuna masa?"

"Kai dai ka ji da taurin kanka," ta ce. Amma ta sake bin wuyan rigar da dutsen guga har sau biyu.

Ƙuri'ar bana ta faɗa kan wata ɗaliba da ake kira Maman Biyu. Ta girmi 'yan ajinsu da kusan shekara goma, a layin baya take zama, jakarta ba ta rasa safar yaro ko guntun biskit. Ba ta cikin masu ɗaga hannu. Da Baba ya ji ita ce, sai ya karaya, don ya ga zaƙaƙurai sun gwada sun kasa.

Ita ce ɗalibar da ke riga kowa zuwa, saboda sai ta ajiye tagwayenta a makaranta da wuri. A bakin ƙofar tsangaya akwai na'urar da ma'aikata ke dangwala yatsa in sun iso. Kowa da babban yatsan dama yake yi, Baba kaɗai ke sauya fayil zuwa ɗaya hammatar ya sa na hagu. Wata safiya ya juyo ya gan ta zaune a kan benci tana kallonsa. Ta gaishe shi, ya amsa, ya wuce da sauri kamar wanda aka kama da satar nama.

A ƙa'ida, lauya yana da rabin awa ya gana da wanda yake karewa. Yawancinsu minti goma ya ishe su, su karanto tambayoyi daga takarda su tafi. Ita da ta zo ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala, sai ta rufe fayil ɗin ta ɗora jaka a kai.

"Baba, ni ban iya dogon Turanci ba. Ba ni labarin mai gadin nan tun yana yaro."

Ya ba ta. Ta tambayi sana'ar mahaifinsa, ya ce wanki da guga. Ta tambayi ko ya taɓa jinya, ya ce ƙyanda, da kuma wata ƙuna. Ya jira ta ce ƙunar ina. Sai wayarta ta yi ƙara, ana neman ta a makarantar yara, ɗaya ya faɗi ya fasa leɓe. Ta suri jaka ta fita tana ba shi haƙuri. Baba ya zauna yana kallon butar shayi har ta tafasa ta ƙone.

Ranar shari'a ɗakin ya cika har tagogi. Dakta ne alƙali, shugaban sashe, wanda shi ma shekara ashirin da suka wuce ya kare Baba a wannan akwatin ya sha ƙasa. Mai gabatar da ƙara, wani yaro mai murya kamar rediyo, ya yi abin da ya iya, aka yi ta gyaɗa kai. Maman Biyu ta miƙe, rigar aron ta yi mata yawa. Ba ta kawo hukunci ko ɗaya ba. Ta tako har gaban akwatin.

"Baba, rannan ka ce ka taɓa ƙonewa, ban ƙarasa tambayarka ba. A ina ne?"

"A hannu."

"Buɗe mini in gani."

Ta faɗe shi ne yadda take faɗa wa tagwayenta in sun ɓoye wani abu a bayansu, har wasu suka yi dariya. Baba ya buɗe. Ta kama yatsan, ta juya shi wajen hasken taga, ta shafa shi da nata. Sannan ta roƙi kotu a ba ta tawadar hatimi da farar takarda. Ya dangwala. Abin da ya fito baƙin tabo ne kawai, babu layi ko ɗaya. Ta ɗauko takardar amsa laifin ta haɗa su, ta miƙa wa alƙali.

Dariya ta ɗauke. Fankar nan kaɗai ake ji. Dakta ya dubi takardun, ya dubi kwanan watan da ke saman tsohuwar, wanda ya girmi duk ɗaliban da ke ɗakin, sannan ya ɗago ya dubi mutumin da ke kawo masa shayi kullum safiya.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya wa kotu ba?" Maman Biyu ta tambaya.

"Ba wanda ya tambaye ni, 'yata. Ko a nan, ko a waccan."

"Wacce?"

"Ta gasken," ya ce.

Wata yarinya a layin gaba ta toshe bakinta da hannu. Mai gabatar da ƙara ya miƙe a hankali, muryar rediyon ta tafi, ya ce ya janye tuhuma. Dakta ya girgiza kai, ya ce a'a, wannan shari'a sai an yanke mata hukunci. Ya gyara zama, ya yi ƙoƙarin daidaita muryarsa.

"Kotu ta gamsu cewa wannan dangwalen yatsa ba naka ba ne. Ba ka da laifi. An sallame ka, an kuma wanke ka."

Ba wanda ya tafa. Baba yana tsaye, ya riƙe katakon da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "fankar nan ta cika ƙara. A ɗan maimaita mini."

Wani ya tashi ya kashe fankar. Dakta ya miƙe tsaye, abin da alƙali ba ya yi, ya maimaita kalma bayan kalma, ɗakin gaba ɗaya ya miƙe tare da shi. Yara ɗari da wani abu, waɗanda aka shekara huɗu ana koya musu magana, suka tsaya babu mai iya cewa komai.

Ya sauko daga akwatin. Da ya nufi kofuna sai ya tarar ɗalibai sun riga shi, har suna rige-rigen wanda zai wanke. Ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya karɓi takardar mai baƙin tabo daga wurin Maman Biyu, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Da la'asar ya isa gida. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya, ta juyo ta ga tawada a yatsansa. Ta tsaya da zane a hannu.

"An sake ni," ya ce.

Ta ajiye zanen a kan igiya. Ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda ta yi shekara talatin da biyu da suka wuce.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Ka daɗe a hanya."