Na'urar Da Ƙanina Ya Cire Daga Ƙirjinsa

Wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya ya karɓi na'urar da za ta ceci ƙanina ya ɗaura wa kansa, ya dawo gida da ransa, ƙanina ya kwana sati bakwai a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Wannan shi ne abin da aka yi mini, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. A lokacin ina ɗan shekara arba'in da takwas, ina lodin jakunkuna a filin jirgi, ina haya a wata unguwa da ake kira Jamaica a nan ƙasar Turawa. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba a Kano. Ƙanina kuwa ni na yi masa hanya ya zo, ya yi karatun jinya, ya samu aiki a asibiti, ya kama ɗaki a unguwar Highbridge. Duk Lahadi sai ya zo mini da tuwon da ya tuƙa da kansa, mai gudaji, in ci ina zaginsa yana dariya.

Dattijon nan Dakta muke ce masa, mai haɗa magani ne, kuma shi ne uban yarinyar da ƙanina yake nema. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa ganewa ba, hawan dutse cikin hunturu. Su tuƙa mota awa shida zuwa arewa, su ɗaura ƙarafuna masu haƙora a takalmi, su hau inda ko akuya ba za ta yarda ba. Ƙanina ya fara bin sa don neman shiga, daga baya abin ya shiga ransa da gaske. Har kwas ya yi, ya sayi kayansa. Shi ya nuna mini wata 'yar na'ura kamar waya da ake ɗaurawa a ƙirji, ya ce in ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum, da ita abokan tafiya suke gano inda yake, kuma mintoci kaɗan ne tsakanin a tono mai rai da a tono gawa.

Ga nawa laifin. Ana gobe za su tafi ya kira ni bayan la'asar, ya ce hankalinsa bai kwanta ba, an zuba sabuwar ƙanƙara a kan tsohuwa, iska kuma ta tara ta a gangare, irin yanayin da aka koya musu a guje shi ke nan. Na ce masa mutumin da zai ba ka 'yarsa ya ce ka raka shi, kana kawo mini zancen iska? Na ce kada ya ja mana a ce 'yan gidanmu ba su da tarbiyya. Ya ce to Yaya. Ban sake jin muryarsa yana raye ba.

Sauran labarin daga bakin na ukunsu na ji, wani direban tasi ɗan Kumasi. Ya ce da suka isa wurin ajiye motoci, allon gargaɗi ya nuna hatsarin ranar babba ne. Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce Baba ko a bari sai wani satin. Dakta ya ce shekara goma sha biyar yana hawan dutsen nan, ba za a yi tuƙin awa shida a koma haka ba. Sai kuma ya laluba jakarsa ya ga ya baro tasa na'urar a gida. Ƙanina ya cire tasa ya miƙa masa da hannu biyu. Dakta bai ce a'a ba ko sau ɗaya, ya sa masa albarka ya ɗaura. Da suka zo wani kwazazzabo mai gangare, ƙanina ya shiga gaba yana take ƙanƙarar don surukinsa ya taka da sauƙi, Dakta yana bin sa daf da daf, alhali ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya ake tsallakawa. Direban ya ce ya ji ƙasa ta yi wani irin nishi, sai gangaren ya tsage ya tafi da su biyun. Da tasa na'urar ya gano Dakta, ya tono shi, hannun Dakta a karye. Ƙanina ba abin da zai nuna inda yake.

Masu ceto sun yi kwana uku suna soka sanduna, sai wata ƙanƙarar ta sake zaftarowa a wurin, suka ce dole a jira narkewa. Mu da muke binne mamaci kafin rana ta faɗi, aka ce mu jira bazara. Mahaifiyarmu tana kira daga Kano tana tambaya ko an yi masa sutura, in ce tukuna, ta ce to a ina yake kwance, in rasa yadda zan fassara mata. Duk ranar hutuna sai in hau motar haya zuwa can, in tsaya a gindin dutsen ina kallon farin nan, na san yana ciki, sanyi yana cin ƙafata, ina tunanin shi da ko fanka ba ya iya kwana da ita. Na ci gaba da biyan layin wayarsa don in riƙa jin muryarsa tana cewa a bar saƙo. Da aka same shi, ni na yi masa wanka. Fuskarsa ba ta canja ba, har 'yar furfurar da nake tsokanarsa da ita tana nan a gemu.

Abin da na koya, dutse bai san suruki ba, bai san girman shekaru ba. Ladabin da muka taso da shi yana da wurinsa, a zaure da masallaci. 'Yan'uwana da 'ya'yanku suka fara bin Turawa hawan dutse, in wanda ya yi kwas ɗin ya ce yau ba ranar ba ce, ku bar shi ya yi muku gardama, ko ƙaninku ne, ko mai neman 'yarku. Kada ku karɓi abin tsaron ran wani don ya miƙo da hannu biyu. Wata miƙowar kunya ce kawai, jira yake ku ce a'a.

Dakta ya yi ta aiko mutane, ina korar su. Bayan shekara guda ya tare ni da kansa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya rame, ya fara mini zancen ƙaddara. Na ce ya dakata.

“Dakta, ƙaddara na yarda da ita, amma allon nan da idonka ka karanta, ka fi ni Turanci. Ban yafe maka ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. Sai dai kai ka yi awa shida a mota da shi ranar, ni ban samu ba. Zauna a nan. Ka faɗa mini me ya ci, me ya ce, ko ya ambace ni. Fara daga sanda ya shigo motar, kada ka tsallake komai.”