Jarkoki Biyu da Na Ɗora wa Keken Yaya Haladu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Haladu mai keke, wanda mutanen Rano da Kibiya da dama za su tuna da rumfarsa ta gyaran keke a bakin hanyar shiga kasuwa. Ya rasu a cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, shi kaɗai, babu wani nasa a kusa. Tun ranar da labarin ya iso mana tambaya guda take cina a rai: shin da hannuna a mutuwarsa? Na daɗe ina lallashin kaina da cewa waswasi ne, domin kowa a gidanmu na Madachi, a ƙasar Rano, ya san ni da shi. Ni ne mai komawa sau uku ya duba ko an ɗaure awaki, ni ne mai sake alwala saboda ban tabbata na shafi kunne ba. To, bana na sami amsar tambayata, kuma har yanzu da nake wannan rubutu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Yaya Haladu shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Duk shekara, da an gama girbi an kai amfanin gona gida, sai ya rufe rumfa, ya ɗaure kaya a keke, ya kama hanya. Ba fatauci yake zuwa ba, ba kuma ci-rani ba. Tafiyar ce kawai take kiransa. Ya hau tsaunukan Jos, ya kai Mambila inda ya ce gajimare yana shigar wa mutum cikin riga, ya je Damagaram, ya je Agadas har sau biyu. Abokansa na rumfa sukan tsokane shi su ce ga motoci a tasha, shi kuma ya zaɓi ya kashe cinyoyinsa. Sai ya ce musu mota wuce gari take yi, keke kuwa gaisawa yake da shi. In ya dawo, baƙi wuluk, ya rame kamar sanda, sai ya yi mako guda yana ba mu labari, ni kuwa abin da nake ji kawai shi ne wuraren da ya kusa halaka.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya yi niyyar wuce Agadas ya shiga Azbin, don ya ga wasu lambuna da aka ce masa suna nan a tsakiyar duwatsu. Kwana huɗu kafin ya tashi, ya ɗauko salkarsa, wato jakar ruwa ta fatar akuya da ya zo da ita daga Agadas, ya cika ta ya rataye a jikin darbejiyar tsakar gida. Ina wucewa sai na ga jikinta sharkaf, ƙasan wurin kuma da danshi. Na ɗauko kwano na ajiye a ƙarƙashinta, kafin la'asar na tarar da ruwa ya kai ludayi guda. Na kai masa kwanon har rumfa.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ma'azu sarkin tsoro! Gumi take yi, kamar ni da kai. Da gumin nan take sanyaya ruwan."

Na san randa ma tana haka. Amma na ce a raina randa a gindin rijiya take, wannan kuwa hamada za ta shiga. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban tsaya na tuna da wannan ba. Na je kasuwa na sayo sababbin jarkokin roba guda biyu, na cika su, na kife su, na girgiza su, ban ga ko ɗigo ba. Da ya ƙi karɓa, sai na yi abin da nake nadamarsa. Na kai maganar wurin Inna, mahaifiyarmu.

Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. A hannun kakarmu ya girma. In tana so a ba shi tuwo sai ta ce a kai wa wancan. In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Na zauna na zayyana mata ludayin ruwan nan, na ninka mata shi da kwanakin tafiya, har na ga hannunta ya tsaya a kan carbi.

Da safiyar tafiyar ya zo ya durƙusa yana sallama. Sai Inna ta juyo, ta dube shi ido da ido a gaban kowa, ta ce, "Ka ajiye fatar nan, ban yarda ka tafi da irinta ba. Ka ɗauki waɗannan." Ta jawo jarkokin, ta buɗe murfin kowace ta yi tofi a ciki, ta rufe da hannunta. Yaya ya miƙe. Ya kwance salkar, ya ɗaure jarkokin a gefe da gefen kariyar kekensa. Ni na riƙe masa keken yana ɗaurewa, ina jin daɗi a raina cewa na ceci ɗan'uwana.

Bayan mako bakwai mai masaukinsa na Agadas ya bugo waya. Ya ce masu raƙuma sun same shi a hanya, rai ya yi halinsa, sun yi masa sutura. Bai faɗi sanadi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Aka yi zaman makoki, aka ce ajali.

Sau da yawa nakan zauna ina tunanin me zai ce da ya leƙo duniyar yau. Inda rumfarsa take, yanzu babura ake gyarawa, keke sai na ɗalibai da tsofaffi. Hanyoyin da ya bi shi kaɗai yana kwana a gindin bishiya, yau mota cike da mutane ma sai da addu'a take bin su. Samarinmu suna zuwa Agadas ɗin, amma a cushe a bayan mota, ba don su ga ƙasa ba, don su tsere mata. Kowa yana da taswira a cikin wayarsa, amma ka tambayi matashi hanyar ƙafa daga Zinyau zuwa Rurum Tsohon Gari sai ya tsaya yana latse-latse. Ina jin da Yaya zai riƙe baki. Ina kuma jin da zai hura taya ya tafi abinsa duk da haka, domin shi tsoro bai taɓa yi masa shawara ba.

Bayan babbar sallar bana na je kasuwar Kibiya sayen igiyar shanun huɗa. Na tsaya wurin wani dattijo mutumin Azbin mai sayar da dabino da cuku, sunansa Agali. Da ya ji ana ce mini na Rano, sai ya tambaye ni ko na san wani Haladu mai keke. Ya ce sunan yana rubuce a wani ɗan faranti a bayan keken, kuma duk kasuwar da ya ci a kudancin Kano sai ya yi wannan tambaya. Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar.

Ya ce su biyar ne, shi da abokan tafiyarsa masu raƙuma, suka sami Yaya, a inuwar wani dutse, tafiyar rabin yini tsakaninsa da rijiya. Ya jingine kekensa da kyau, ya kwanta ya fuskanci alƙibla. Sun yi masa wanka da ruwan guzurinsu, sun sallace shi, sun jera duwatsu a kan kabarin. Wannan ya sanyaya mini rai, domin shi ma abu ne da na daɗe ina fargabarsa. Da a nan ya tsaya da na koma gida ina godiya. Amma sai ya ci gaba. Ya ce jarkokinsa biyu duk sun tsage a gindi, daidai inda suke gogar ƙarfen kariya, saboda zafin rana da jijjigar duwatsu. Ya ce sun ga inda ya yanka tsohon tiyub ya yi musu faci da sholisho, faci a kan faci har hawa uku, duk sun ɓanɓare.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji shi, "mutumin da ya san hanya haka, ya shiga Azbin da roba. Salka ko ƙaya ta huda ta, ƙulle wurin za ka yi da zare ka ci gaba. Roba in ta tsage ta gama magana."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun masarar wani ba. Kasuwa tana ci, ni ba na jin komai. Faci hawa uku. Mutumin da ya yi shekara talatin yana liƙe tayoyin jama'a, ya zauna a cikin rana yana liƙe abin da na saya masa, ruwansa yana tsiyaya a ƙasa yana kallo. Garin neman gira na rasa ido. Dattijon ya yi ta tambayata ko lafiya, na kasa gaya masa cewa mai jarkokin ne a gabansa. Ko igiyar ban saya ba.

Kwana uku ina juya maganar a raina. Na je wurin limaminmu na tambaye shi ko wannan kisan kuskure ne, ko kaffara ta hau kaina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce babu kaffara a kaina, niyyata alheri ce, kwana ne ya ƙare. Na yarda da malam, amma zuciyata ba ta zauna ba. Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Wadda ta rage mai haƙƙi a kaina ita ce matar Yaya Haladu, Yaya Uwale, wadda ta zauna a gidan ta riƙe 'ya'yansa biyar har suka girma.

Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Da wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanin miji, don haka tana ganina ta ce, "Ƙaramin maigida, yau kuma me ya ɓace, akuya ko barci?"

Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Da na gama sai ta ce, "Tsagewar ce ban sani ba sai yau. Amma zuciyata ta daɗe da ba ni."

Ashe ana gobe zai bar Agadas Yaya ya kira ta a waya. Ya ce mata mai masaukinsa ya kawo masa salka kyauta, yana roƙonsa ya sauke robar nan, shi kuma ya ƙi. Ta maimaita mini maganarsa kamar yadda ya faɗa: "Uwale, shekara arba'in da bakwai Inna ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba sai a kan jarkokin nan. Ba zan sauke su ba."

Wannan ya fi na kasuwar Kibiya girgiza ni. Ashe ya sani. Ya san abin da roba take yi a cikin duwatsu fiye da kowa a gidanmu, aka ba shi mafita a hannu, ya mayar. Yaya Uwale kuwa ta haɗiye wannan magana shekara tara tana kai wa Inna ruwan alwala, ba ta bari ta ji ba, ni ma ta ɓoye mini saboda ta san halina. Na ce ta yafe mini.

"In na ce na yafe, ai na yarda kai ka kashe shi ke nan," in ji ta. "Ni ma da bakina a ranar. Ban ce masa ya karɓi salkar ba, Allah ya kiyaye hanya na ce. Tashi, gwiwarka ba lafiya gare ta ba."

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu a gidanmu su biyun suka haɗu a safiya ɗaya. Duk tsawon rayuwarsa na ɗauki Yaya a matsayin mutumin da gida bai dame shi ba, mai jiran girbi ya wuce ya gudu ya bar mu. Sai yanzu na gane ban san shi ba. Kekensa yana can Azbin, ba mu da hotonsa ko guda a kan hanya, labaran da ya ba mu ma yawancinsu sun zube mini saboda ban saurara da kunnen kirki ba. Abin da ya rage nasa shi ne 'ya'ya biyar da ba a taɓa jin sun ɗaga wa uwarsu murya ba, da wani baƙo da ya riƙe sunansa shekara goma sha biyu yana neman danginsa kasuwa kasuwa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in naka zai yi tafiyar da kai ba ka taɓa yi ba, ka yi masa addu'a ka bar masa kayansa. Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya jiƙan Inna, ya saka wa mutanen nan biyar da suka raba ruwan guzurinsu da gawar baƙo.

Malam ya ce azumi bai wajaba a kaina ba, amma bai hana ni na nafila ba, don haka na ɗauka. In la'asar ta yi, maƙogwaro ya bushe, nakan zauna ni kaɗai. Ban gaya wa Yaya Uwale ina azumin ba. A kwana na biyu, ana kiran magariba, na ga ta shigo da kanta ta ajiye mini kofin ruwan randa a gabana, ta juya ta fita. Yau kwana goma sha tara, ba ta fasa ba ko sau ɗaya.