Gadon Ƙasar Uwar Sarki

A gidanmu na Unguwar Lalle, da an idar da sallar magariba mukan kewaye murhun Kaka, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Ɗakinta na bayanmu, ƙofa a buɗe. Hasken wuta yakan lashi jeren ƙoranta da tsohon gadonta na ƙasa, mai kogon da ake zuba garwashi lokacin sanyi.

Akwai maraicen da ba na mantawa. A makon ne Baba, ɗanta na fari, ya sayo mata gadon ƙarfe da katifa daga kasuwar Isa, ya kuma kira magini da zai zo ya rushe na ƙasar. Kaka kuwa ko sunan Baba ba ta kamawa, balle ta musa masa. Ranar yana zaune bayan zana yana tufkar igiya.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji Kaka. "Ke mai idon mage, bar lasar toka."

Ta ce a zamanin Alƙalawa an yi wani sarki mai son uwarsa. Fatake suka kawo kaya daga arewa, ya cika ɗakinta da dardumai, da tasoshin tagulla, da matasai na jar fata, da gado mai ƙafafun azurfa. Ya sa aka fasa gadon ƙasarta. Tsohuwa ta yi godiya. Amma gadon azurfa ba ya ɗaukar garwashi. Sanyi ya shiga bayanta, barci ya ƙaurace mata, ta yi ta ramewa a tsakiyar kayan alatu. Masu magani suka gaza.

Na ce, "Kaka, don mi ba ta gaya mashi ba?"

"Ɗanta na fari ne, ɗiyata. Da wane baki?"

Wata safiya sarki ya shigo gaisuwa, ya iske ta kwance a ƙasa, daidai gurbin tsohon gadon, ta matso da kaskon wuta jikin bayanta. Bai kira kowa ba. Ya tuɓe rawani, ya kwaɓa ƙasar ginin gado da hannunsa.

"Nan tatsuniya ta tsaya," in ji Kaka. "Ku tashi, ga isha'i."

Washegari magini ya zo da diga. Baba ya tare shi a zaure, ya ba shi fura, ya sallame shi. Gadon ƙarfen kuwa ɗakinmu aka kai shi, muka yi ta tsalle a kai. Kaka kuwa a kan gadonta ta ƙarasa kwanakinta, bayanta da ɗumi.

Na daɗe ina zaton mu yara aka yi wa tatsuniyar. Sai da na girma na tuna cewa a maraicen nan Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum, fuskarta kuma na duban zana.