Gwangwanin Kakin Baba

A shekarun da allurar fanisilin ta shigo Kano, kafin Turawa su tafi, ba wanda yake yarda ya je asibiti ya dawo ba a huda shi ba. Ko atishawa mutum ya yi, allura yake so. Ni a lokacin ina ɗinki a wani shago a Mandawari, ban daɗe da aure ba, muna zaune a gidanmu na Dala tare da Baba da Inna.

Wata damina mura ta zagaye gidan. Ta kama matata ta sake ta, ta kama ni, ta koma kan Inna, sannan Baba. Baba baduku ne, mutum ne da bai san kwanciya da rana ba, amma nasa tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga zazzaɓi. Na yi lallashi har bakina ya gaji kafin ya yarda na kai shi asibiti.

Muka yi zaman layi har rana ta take. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tura mu wajen malamin da ke duba jini da kaki a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ni duk na ƙosa, ga ɗinkin mutane na baro. Na ce, "Malam, don Allah a yi masa allurar kawai mu tafi."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Tari iri biyu ne. Akwai mai ƙwayoyin da muke gani a madubi, shi allura take kashewa. Akwai na mura, shi ko buhun allura aka yi wa mutum ba ta taɓa shi, da kansa yake tafiya. Allurar ba ta da yawa, ba ma zubar da ita a banza." Ya miƙo ɗan gwangwani mai murfi, ya dubi Baba. "Baba, gobe da safe kafin ka ci komai, ka yi kaki a nan. Na ƙirji nake so, ba yawu ba."

Na karɓa ina ƙunƙuni. A raina na ce wulaƙanci ne kawai irin na ma'aikata.

Inna kuwa da ta ga gwangwanin sai ta ɓata fuska. Ita tun tasowata, in Baba ya yi aski ita ke tsince gashin ta binne a gindin katanga. Haka farcensa. Ko tofar da yawu ya yi a tsakar gida sai ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, wai da irin wannan ake yi wa mutum sammu. Muna yi mata dariya, Baba yana tsokanarta cewa wata rana shi ma za ta binne shi don kada a gan shi. Ba ta taɓa fasawa ba.

Da safe ita ta fito mini da gwangwanin daga ɗaki, a naɗe cikin tsumma, tana tari. Na kai. Da na koma karɓar sakamako malamin ya ce bai ga komai ba, na mura ne. A ba shi ruwan ɗumi, ya huta, zai warke ba allura. In ya ƙi sauƙi a dawo da shi.

Muka bi maganarsa. Kunu, citta, zuma, sirace. Kullum in na dawo daga shago sai in tsaya a zaure in saurara, tarin yana nan, har ya ƙara zurfi. Na riƙa ce wa kaina ai an duba. Baba ma da na yi zancen komawa sai ya ce, "An ce mura ce, me zan koma yi a layin nan?" Na gaji da gardama, na bar shi, sai ranar da ya kasa miƙewa alwala. Na ari jakin maƙwabci muka ɗora shi, muka koma asibiti.

Wannan karon a gaban malamin ya yi kakin, ja-ja kamar tsatsa. Malamin ya shiga ya daɗe. Da ya fito bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni a hankali, "Wancan da ka kawo, na wane ne? Wannan cike yake da ƙwayoyi. Ba mutum ɗaya ba ne."

Nan take aka ba Baba gado, aka fara allurar da na roƙa tun farko. Ni kuma na tako zuwa gida ban san ta inda na bi ba. Na sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, kakin wa na kai?"

Ba ta ɗago ba. "Nawa ne. Nasa na binne."

"Me ya sa, Inna?"

"Ka ɗauki abin da ya fito daga ƙirjin ubanka ka miƙa wa wanda ba mu san asalinsa ba? Ɗakinmu ɗaya, tarinmu ɗaya. Na ce in sun duba nawa sun duba nasa. In kuma wani abu za a yi da shi, a yi a kaina."

Na zo da faɗa a bakina, na rasa inda zan sauke shi. Na zauna a kan turmi, ita ta ci gaba da tankaɗe.

Allurar ta zo a makare. Baba ya rasu a asibitin, aka kai shi kushewa ta Ƙofar Mazugal ana yayyafi. Na so in ji haushin malamin, amma ban sami abin kamawa ba, don abin da aka ba shi ya duba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce mai wannan tarin zai warke ba allura. Kafin a yi sadakar bakwai tarin Inna ya tafi.

Ta daɗe a duniya bayansa, ba mu sake tayar da zancen ba. Sau ɗaya dai, da tsufa ya kama ta sosai, na kawo mata maganin tari, ta ture kwalbar ta ce, "Bar shi. Ni ai an riga an duba ni."