Makauniya Mai Daddawa

A gidanmu na Roni, da an idar da sallar magariba, bakin murhun Iya muke taruwa. Kakata ce, sana'arta daddawa, ƙanshin kalwa ba ya barin zaninta. Sai ta shafa kaina ta ce, "Maigidana, yau ma ba cefane? Wannan miji da rowa yake!" Mu kwashe da dariya. Ta gyara itace, ta ce, "To, ga ta nan ta kunno kai." Mu ce, "Ta ƙaraso, Iya."

Akwai wata tatsuniya da take maimaitawa har mu ƙosa. Wai wata makauniya ce ke sayar da daddawa, kullum faifanta ke fara ƙarewa. Sauran mata suka kai ƙara wajen sarkin kasuwa, wai asiri take yi. Da aka kira ta sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na ganin rigar kowa. Abin da mutum ya fara yi nake saurara. Mai fara sunsunawa, daɗin miya ya dame shi, sai in ba shi wadda ta fi nuna. Mai fara tambayar kuɗi, bakuna sun yi masa yawa a gida, sai in yi masa gyara. Mai cewa wa ya yi ta, ƙazanta yake tsoro, sai in gaya masa gidanmu."

A nan Iya kan rage murya. "Akwai kuma mai tsayawa shiru. Wannan kuɗinsa bai kai ba, kunya yake ji. Sai in gutsura masa rabi tun bai buɗe baki ba."

Bara ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, ina bincike kan yadda masu saye suka kasu. Na raba takardun tambayoyi, na jera mutane bisa shekaru da ilimi da abin da suke samu. Malamina ya duba, ya ture. "Ka raba su gida-gida, amma sayayyarsu duk iri ɗaya ce. Wata guda na ba ka, ko ka maimaita shekara." Ni kuwa hutun karatun da aka ba ni a wurin aiki ya zo ƙarshe. Wallahi na tsorata.

Sai makauniyar nan ta faɗo mini. Na ajiye takardu, na tafi kasuwar Babura, na zauna gefen masu gero da masu daddawa, ina rubuta abin da kowa ya fara yi. Ikon Allah! Ga su nan duka huɗun, har cikin 'yan Nijar masu riƙe da sefa. A kan haka na sake gina aikin, na kuma kare shi a gaban malamai. Malam ya ce a wane littafi na samo tsarin. Na ce wajen kakata.

Na ba mahaifiyata labari. Sai ta ce, "Ai a shekarun da take muku tatsuniyar nan idon Iya ya riga ya tafi. Ita ta hana a gaya muku."

Iya ta daɗe da rasuwa. Sai ranar na gane dalilin da ba ta taɓa kirana maigidanta ba sai ta fara shafa kaina.